Malmon Iya Marka

Sabi'u, ajiye wayar nan. Kubura, rage fitilar ki matso da tabarma. Tun da aka idar da sallar isha nake jin ka kana cika baki, wai ka sayi mota, wai ranar Asabar za ka hau Mambila kai kaɗai ka ɗauko hotunan duwatsu. To zauna ka ji. Ni Haladu na ba ka shekara goma sha huɗu, kuma na taɓa hawa hanyar nan ni kaɗai. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce. Babu mai rai a yau da na taɓa gaya wa, har matata. Ba tsoro ne ya rufe mini baki ba. Kunya ce.

Kun san kakarmu, Iya Marka. Ku a kwance kuka san ta, ni na san ta da ƙarfinta. A Nguroje aka haife ta, can saman dutse, lokacin babanta yana fataucin shanu. A can ta koyi itatuwa, kuma da aure ya sauko da ita Jalingo ba ta bar su ba. Ita ta raine ni. "Maigida" take ce mini, ni kuma in ce mata "amarya", ta bi ni da zagin hanci.

Tana da ciwon ciki da ya daɗe a jikinta. Asibiti sun yi nasu, ba a raina musu ba. Amma abin da ke kwantar mata da shi ɓawon wata bishiya ne, malmo, a bakin wani rafi bayan an gama hawan dutse. Akwai malmo a nan ƙasa, amma ta ce ba ɗaya ba ne. Duk shekara takan hau da kanta ta sassaƙo. A shekarar da nake ba ku labari ciwon ya kayar da ita. Ko koko ba ya zama a cikinta. Ɓawon kuma ya ƙare.

Lokacin ina jan a-kori-kura, motar ɗaukar kaya. Ta kira ni ɗakinta, ta kwatanta mini rafin dalla-dalla, ta miƙo mini wuƙarta da farin goro uku a ƙulle cikin ganye.

"Maigida, ka saurara da kyau. In ka isa, ka yi mata sallama kamar yadda kake yi wa mutum. Ka ajiye goron a gindinta. Ka sassaƙi gabas, faɗin tafin hannu. Ka koma yamma, faɗin tafin hannu. Ka shafe wurin da laka. Kada ka zagaye ta da wuƙa. In aka zagaye bishiya, mutuwa take."

Na ce na ji. Har na tsokane ta, na ce ko kishiya take aika ni in gaisar. Ba ta yi dariya ba.

Da aka sallame asuba na kama hanya. Ƙarshen damina ne, ko'ina shar. Ba zan yi wa hanyar ƙarya ba, Sabi'u, tana da kyau. Daga nan har Bali itatuwan da ka sani ne, ɗorawa da kaɗanya da giginya. Da ka wuce Serti sai duwatsu su fara leƙo ka. Da ka bar Mayo Selbe kuwa sai hanya ta ɗaga kai sama, kwana bisa kwana, mota tana kuka a giya ɗaya. A jikin duwatsun za ka ga hano, ɓawonsa yana saɓulewa kamar tsohuwar takarda. A cikin kwazazzabai ga itacen gora, ga kajinjiri mai kama da dabino. Ga tsiron zabo ya fito daga tsagin dutse da jan furensa. Can sama akwai wani ganye mai kama da gashin tsuntsu, tsayinsa ya fi mutum, wanda har yau ban san sunansa ba. In ka leƙa ƙasa sai ka ga gajimare a ƙarƙashinka.

To kyan nan shi ya fara cin ranata. Kowace kwana sai na tsaya na fito ina kallo, na riƙe ƙugu kamar ni na dasa duwatsun. Ga kakata can ba ta iya riƙe koko.

Sannan goron. Na cika ciki da tuwo a Serti, barci ya fara fizgata a kan sitiyari. Na kunce ganyen na ce ɗaya zan ci, biyu ma sun isa. Kafin in gama hawa na cinye ukun. Har na ce wa kaina ai bishiya ba ta da haƙori. Ku yi dariya in kuna so. Ni ma na yi a lokacin.

La'asar ta yi sanyi na sami rafin. Na ajiye mota a gefen hanya, na ɗauki wuƙa da buhu na gangara. Ga bishiyar nan, yadda Iya ta faɗa. Doguwa, ganyenta duhu, kaurinta rungumar mutum ɗaya. A jikinta ta gabas na ga tabo, faɗin tafin hannu, ya warke. Sama da shi wani, sama da shi wani. Na zaga yamma, haka. Hannun Iya ne, shekara da shekaru. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba.

Na buɗe baki zan yi sallama, sai na ji wani iri. Ƙato da gemu yana gaida itace. Na waiga, babu kowa. Duk da haka ban yi ba.

Na sa wuƙa. Da yake jikinta cike yake da ruwa, ɓawon ya biyo hannuna ba gardama. Na ciri gabas, na ciri yamma. Na dube su a cikin buhu, ƙanana, kamar ba don su na yi tafiyar yini guda ba. Sai zuciya ta ce, ka ƙara, kada ya yanke wa Iya. Wannan shi ne abin da na gaya wa kaina. Gaskiyar kuwa ita ce ina ƙyashin sake hawa, kuma ina so in shiga gida da buhu cike a ce Haladu ya fi kowa. Na ƙara. Na sake ƙarawa. Kafin in ankara na zagaye ta, daga gwiwata har ƙirjina. Jikin ya fito fari, jiƙe, sannan ya fara komawa ja. Ban nemi laka ba. Laka nawa za ta rufe wannan?

Na wanke hannu a rafi. Jan bai fita ba. Na jefa buhu a bayan mota na juya.

Ban yi nisa ba gajimare ya sauko kan hanya. Ba duhu ba ne, ko magariba ba ta yi ba. Fari ne kawai, ba ka ganin abin da ya wuce bakin mota. Na kunna fitila, ina tafiya a hankali. Tsuntsaye sun yi shiru.

Sai na hangi hannu a ɗage a cikin ciyawa.

Na taka birki. Wata tsohuwa ce a tsugune a gefen hanya, kanta da hannunta ɗaya kawai nake gani. Na sauke gilashi.

"Ɗan nan, kau da kai," in ji ta. "Miƙo mini abin rufa."

Akwai bargo a bayan kujerata. Na juya fuska na miƙa mata ta taga. Ina jin tausayinta, ina cewa a raina wane mara imani ne ya yi wa tsohuwa haka. Da na juyo, tana zaune a gefena. Ban ji buɗe ƙofa ba. Ban ji rufewa ba.

Ta ƙudundune daga wuya har gwiwa. Ta ce in rage mata hanya, nan gaba kaɗan. Na ce to, Gwaggo. Na ja mota.

Abu na farko da na lura da shi sanyi ne. Numfashina yana fita kamar hayaƙi. Nata ba ya fita. Na biyu wari, irin na ɗanyen itace. Na sunsuna hannuna a ɓoye. Shi ne.

Kubura, daina waige. Babu kowa a bayanki.

Muna tafe, sai na ji tana gaisuwa a hankali. Na zaci da ni take. Ashe da na waje take. Duk bishiyar da ta ɓullo daga cikin farin nan sai ta gyaɗa mata kai, ta kira sunanta, ta tambaye ta ya ruwa. Ta gaida baure. Ta gaida bishiyar tsada. Har ciyawar gamba ta yi wa sannu. Da muka zo jerin dogayen itatuwan zaiti da ake shukawa a can, sai ta kawar da kai. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta su fa. Ta ce baƙi ne, kawo su aka yi, sai shan ruwa ba gaisuwa.

A nan na gane abin da ke damuna da muryarta. Bakinta yana motsi a gefena, amma maganar daga saman mota take saukowa.

Na sunkuyar da ido. Da ban yi ba. Ba ta da takalmi. Ƙafafunta cike da baƙar ƙasa jiƙaƙƙiya. Yatsun dogaye ne, sirara. Na ƙirga har bakwai a ƙafa ɗaya na daina. Suna motsi a kan robar ƙasan mota, a hankali, suna neman inda za su shiga.

Na fara karanta duk abin da ya zo bakina. Ba ta hana ni ba. Ta jira har na kai aya.

"Jikan Marka ne kai."

Na ce eh.

"Ya jikin nata?"

Na ce da sauƙi, irin yadda ake faɗa. Ta ce babu sauƙi, ta sani, shi ya sa Marka ba ta zo da kanta ba. Ta ce tun Marka tana da kitson 'yan mata take zuwa wurinta, ba ta taɓa zuwa hannu biyu ba, ba ta taɓa tafiya ba ta rufe inda ta taɓa ba.

"Yau wani ya zo," in ji ta. "Bai yi sallama ba. Ya tube ni a bakin ruwa, kowa yana kallo. Ka gamu da shi a hanya?"

Ku ji abin da yayanku ya ce. Na ce a'a. Na ce wataƙila masu ƙona gawayi ne, ba su da mutunci.

Ta zuba wa hannuwana ido a kan sitiyari. Ja ne har wuyan hannu. Na so in ɓoye su, amma wanda ke tuƙi a kan dutse ba ya da inda zai kai hannunsa. Haka muka yi ta tafiya, tana kallo, ni kuma zufa tana bin bayana a cikin wannan sanyi. Wallahi na gwammace ta shaƙe ni. Kallon ya fi ciwo.

Ta ce in tsaya nan.

Na tsaya. Na san gangara nake yi tun ɗazu, kunnuwana ma sun toshe irin na mai sauka. Amma da gajimaren ya ɗan yaye, sai ga rafin. Ga sawun tayata inda na ajiye mota. Ga bishiyar can ƙasa, tsakiyarta fayau.

Ta ce in sauke buhun, abin da ke ciki ba magani ba ne yanzu. Na ɗauko shi na gangara. Ban ga ta fito ba, amma na same ta a can. Na durƙusa na zazzage ɓawon. Ban san abin da ya shiga kaina ba. Na fara ɗauka ina mannawa a jikin bishiyar, ina kwaso laka ina shafawa. In na manna wannan, wancan ya faɗo. Ina yi ina kuka, ƙato da ni. Ina cewa ni ne, Gwaggo, ni ne, ba masu gawayi ba ne.

"Na sani," in ji ta. "Bari. Ba ya komawa."

Ta fito da hannunta daga cikin bargon. Ta sa farce a damtsenta, ta ɓanɓaro. Ban ji ta yi ƙara ba, amma ganyen bishiyar gaba ɗaya ya girgiza, kuma babu iska. Ta miƙo mini. Ɓawo ne, faɗin tafin hannu, da ɗumi.

"Wannan na Marka ne, ba naka ba. Shi ne na ƙarshe, ba zan ga ruwan baɗi ba. Ina da ƙanwa a wani kwari, Marka kaɗai ta san hanyar. Ka gaya mata abin da ka yi, da bakinka, ta kwatanta maka tun da sauran lokaci."

Na ce zan faɗa. Na rantse. Na hau tudu ban waiga ba sai da na kai mota. Babu tsohuwa. Bargona yana naɗe a jikin bishiyar, daidai inda na tube.

Yadda na sauko ban sani ba. A Serti na kwana a tasha cikin mutane, da safe na ƙaraso.

Da na shiga gida ɗakin Iya cike yake, iyayenmu mata duk suna nan. Na miƙa mata. Ta juya shi, ta sunsuna, ta auna da tafin hannunta. Sai fuskarta ta saki. Ta ɗaga shi kowa ya gani. Ta ce ku duba, maigidana ko na biyun bai ciro ba, tausayinta ya ji. Ta ce a duk jikokinta ni ne na gaji hannunta. Aka yi ta sa mini albarka. Uwarka, Sabi'u, har da ƙwalla.

Na so in faɗi gaskiya a nan. Na ce bari mutane su ragu. Da suka ragu na ce bari ta sami sauƙi. Ta sami sauƙi kuwa. Cikin mako guda tana cin tuwo, cikin wata guda tana zagin hancina a tsakar gida. Sai na ce me zai sa in ɓata mata rai yanzu.

Na gwada bi ta gefe sau ɗaya. Na ce amarya, wai babu wata malmon a can bayan taki? Ta ce akwai, amma muddin tata tana tsaye ba ta kwatanta wa kowa ɗayar, don kada mutane su dame ta. Ta ce me zan yi da wata? Ga ƙofa ta buɗe mini. Kalma uku ce kawai: na zagaye ta. Na yi dariya na ce tambaya ce.

Tana tsimi da ɓawon, tana ɗan gutsura tana jiƙawa. Ya kai ta har bazara. Sannan ya ƙare, ciwon ya dawo, ya fi na da. Ta sake kirana, ta sake miƙo wuƙa da goro. Ta ce in gaida mata bishiyar.

Ban hau ba. Me zan tarar? Na je wani rafi kusa da Bali na sami malmon ƙasa. Na yi mata sallama har da durƙusawa. Na ajiye goro. Gabas, yamma, laka, babu abin da na bari. Na kwana a gidan abokina don lissafin tafiya ya cika, na dawo.

Ɗakin ya sake cika. Ta karɓa. Hannunta ya zama kamar kara. Ta kai hanci ta daɗe. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Maigida, ita ce?"

Kowa yana kallona. Na ce ita ce.

Ta ci gaba da kallona. Matar da ta shekara sittin tana sunsunar ɓawo, kuna ganin za ta kasa bambancewa? Na ga ta duba fuskokin 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta dawo kaina. Sai ta ce to a jiƙa mata. Da aka kawo ƙwaryar ta shanye tas, ta goge baki, ta ce Allah ya yi mini albarka. Ta sha ne don kada in ji kunya a gaban mutane.

Kwana uku ina zagaye ƙofarta. Ran na huɗu na shiga na durƙusa, na ce Iya akwai magana. Ta riga ta daina magana tun asuba. Idonta a buɗe, amma ban san ko tana ji ba. Na faɗa mata komai, har goron. Na ce ki kwatanta mini kwarin, yanzu zan tashi. Bakinta ya motsa. Na kara kunne. Iska ce kawai.

Bayan mako biyu muka kai ta.

Na san ajali ne. Kwananta ne ya ƙare, babu ɓawon da ke ƙara wa mutum kwana. Na gaya wa kaina haka sau dubu. Amma har yau in iyayenku suka ce Haladu ne ya gaji hannun Iya, sai in tashi in ce zan duba mota.

Kubura, share hawayenki, ba don ki yi kuka na faɗa ba. Kai kuma Sabi'u, ban hana ka zuwa ba. Je ka ga duwatsu, sun cancanci a gan su. Amma kada ka hau hanyar nan kai kaɗai. Ka ɗauki mutum, kowane ne, ko wanda ba kwa shiri. Masu wurin suna nan, suna kallo, kuma ba sa mantuwa. Ni da akwai mutum ɗaya a tsaye a bayana ranar nan, da tafin hannu biyu zan cira in dawo. In gajimare ya sauko kuka ga hannu a ɗage cikin ciyawa, ku yi sallama, ku ce jikokin Marka ne. Kada ku ambaci sunana.